Mai gida ya koma ɗan haya: mujallar ilimi da ɗakin karatun jami'a a zamanin intanet

Ranar 11 ga watan Janairu na shekarar 1994, a birnin Dakar, aka ba da sanarwar karya darajar kuɗin sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa, wanda jiya ake samu a kan sefa 50, ya wayi gari sefa 100. An sha yin bayani a kan abin da wannan mataki ya jawo wa farashin magani da shinkafa da kayan gyaran mota, amma ba kasafai ake tuna ɗakunan karatu ba. Duk wani littafi da duk wata mujallar ilimi da jami'o'in Yamai da Wagadugu da Abijan da Dakar ke sayowa daga Turai, kuɗinsu ya ninka cikin dare guda, alhali aljihun jami'o'in bai ninka ba. Dama tun shekarun 1980, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni ya matse gwamnatocin Afirka, sayen littafi na cikin abubuwan da ake fara yankewa, har masana suka raɗa wa halin suna "yunwar littafi". Alamar wannan yunwa ba ta ɓuya a kan kanta. Sai a ga mujalla jere, lamba na bin lamba, shekara na bin shekara, sannan a wata shekara ta tsaya cak, kamar hanyar da aka fara zuba wa kwalta kuɗi suka ƙare.

A daidai wannan zamani ne, can a Los Alamos ta ƙasar Amurka, wani masanin kimiyyar fizik mai suna Paul Ginsparg ya buɗe wani rumbu cikin kwamfuta, a watan Agusta 1991, inda takwarorinsa ke zuba maƙalolinsu tun kafin a buga su, duk mai so ya ɗauka kyauta. Rumbun nan shi ake kira arXiv, kuma maƙalolin da ke ciki sun haura miliyan 2. A watan Afrilu 1993 kuma cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba ta sakar wa duniya fasahar shafukan intanet ba tare da neman ko dala ba. Ga yunwa a wannan gefe, ga alƙawarin ƙoshi a wancan. Bayan shekaru talatin da ɗoriya ana iya auna abin da alƙawarin ya haifa. Ƙofar karatu ta buɗe fiye da yadda aka taɓa gani, wannan babu musu. Amma ɗakin karatu, wanda a da shi ke da abin da ya saya, ya koma ɗan haya. Shingen kuɗi kuwa bai faɗi ba, wuri kawai ya sake.

Yadda mujalla ta zama haja

Mujallar ilimi tana da ranar haihuwa. A ranar 5 ga Janairu 1665 Denis de Sallo ya fitar da Journal des sçavans a Paris. Bayan wata biyu, ranar 6 ga Maris, Henry Oldenburg, magatakardan ƙungiyar masana ta Royal Society, ya fitar da Philosophical Transactions a Landan. Kafin nan masana da wasiƙa suke sanar da juna abin da suka gano, kuma rigima ba ta ƙarewa a kan wanda ya riga wani. Mujalla ta zo ta kashe wannan gardama, domin tana rubuta sunan mai bincike da ranar da aikinsa ya iso, ta yaɗa shi, ta kuma adana shi ga na baya. Al'adar miƙa maƙala ga takwarorin marubuci su tantance ta kafin a buga, a hankali ta kafu, ba ta zama ƙa'ida ko'ina ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abu ɗaya ne bai sake ba tun farko: ba a biyan marubucin maƙala. Ladarsa ita ce a san shi, a ambace shi.

Kusan shekaru ɗari uku mujallun nan suna hannun ƙungiyoyin masana da jami'o'i, kuma sau da yawa da hasara ake buga su. Akwai ma wata hanya ta samun su wadda ba ta buƙatar kuɗi, wato musaya: cibiya ta aika wa takwarorinta abin da ta buga, su kuma su aiko mata nasu. Da wannan tsari Afirka ta Yamma ta shiga harkar. An kafa cibiyar IFAN a Dakar a 1936, ta soma fitar da mujallarta a 1939. Reshenta na Yamai, wanda Boubou Hama ya taɓa jagoranta, shi ne ya rikiɗa ya zama cibiyar binciken ilimin zamantakewa ta IRSH. A jerin littattafanta na Études nigériennes ne aka buga aikin André Salifou a kan Damagaram a ƙarni na 19, cikin 1971, da na Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa, cikin 1975. Cibiya mai abin bugawa tana da abin musaya, saboda haka ko da aljihunta ba nauyi, kantarta ba ta zama wayam.

Bayan 1945 gwamnatocin Amurka da Turai suka zuba kuɗi mai yawa cikin binciken kimiyya, masu bincike suka yawaita, tsofaffin mujallu suka kasa ɗaukar abin da ake rubutawa. Mutumin da ya fi kowa gane ribar da ke ɓoye a nan shi ne Robert Maxwell, haifaffen Cekoslobakiya da ya zama hafsan sojan Ingila, wanda ya kafa kamfanin Pergamon Press a 1951. Yakan bi manyan tarukan masana, ya karrama fitattunsu, ya ba su shugabancin sabuwar mujalla. Abin da ya gane kuwa shi ne, maƙala ba kamar gero ba ce da za a bar na wannan ɗan kasuwa a sayi na wancan. Kowace maƙala ita kaɗai ce irinta, kuma a wuri ɗaya take. Idan malaman jami'a suna buƙatarta, ɗakin karatu ba shi da zaɓi sai ya biya abin da aka yanka. Gwamnati ta biya kuɗin bincike, malami ya rubuta kyauta, takwaransa ya tantance kyauta, sannan jami'a ta dawo ta sayi abin da ma'aikatanta suka samar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani abu ya ƙara ɗaure wannan ciniki. A 1964 Eugene Garfield ya fitar da kundin ƙidayar ambato, Science Citation Index, wanda ke lissafa sau nawa aka ambaci kowace maƙala. Daga nan aka samo ma'aunin da ake jera mujallu da shi, manya da ƙanana. Mujallar da ta hau saman jeri ta zama dole ga kowane ɗakin karatu, kuma ta zama tsanin ƙarin girma ga kowane malami. Mujallun Afirka kaɗan ne ƙwarai suka shiga kundin, abin da bai shiga ba kuwa kamar ba a rubuta shi ba. A 1991 Maxwell ya sayar da Pergamon ga kamfanin Elsevier na ƙasar Holan a kan fam miliyan 440. Manyan ɗakunan karatun jami'o'in Arewacin Amurka sun lissafa cewa abin da suke kashewa kan mujallu ya ninka kusan sau biyar tsakanin 1986 da 2011. Idan masu ƙarfi suna kuka haka, ba sai an tambayi halin da na Sahel suke ciki ba.

Daga saye zuwa haya

Da intanet ta iso, mutane da yawa sun ɗauka cewa kwanan manyan kamfanonin ɗab'i ya ƙare. Ba takarda, ba tawada, ba kuɗin gidan waya. Me ya rage a biya? Kamfanonin sun fi masu hasashen saurin tunani. A 1996 Academic Press ya ɓullo da wani salon ciniki, Elsevier ya buɗe dandalinsa na ScienceDirect a 1997, sauran suka bi sahu. Maimakon ɗakin karatu ya zaɓi mujalla hamsin ko ɗari da yake buƙata, sai a tallata masa dukan mujallun kamfani a dunƙule, ɗaruruwa ko dubbai, da yarjejeniyar shekaru uku ko biyar, farashi yana hawa kowace shekara. A farko abin ya yi kama da garaɓasa. Daga baya aka gane cewa wanda ya shiga ba ya iya fita, domin in ya ce zai koma sayen ɗai-ɗai, ƴan kaɗan ɗin da ba ya iya rabuwa da su za su ci kusan kuɗin dukan damin. Ƙananan maɗaba'u da littattafan ilimin zamantakewa da na adabi su suka ji a jikinsu, don daga kasonsu ake yanka a cike wancan rami. Wani bincike da aka buga a 2015 ya nuna cewa kamfanoni biyar kacal ne suka fitar da fiye da rabin maƙalolin da manyan kundayen ƙidaya suka lissafa a 2013. Ribar Elsevier kuwa ta daɗe tana sama da kashi 30 cikin 100.

A nan ne babban sauyi yake, kuma shi ne wanda ba a cika gani ba. Mujallar takarda, in an biya kuɗinta ta iso, ta zama dukiyar ɗakin karatu har abada. Yana iya ba da aronta, ya bari a kwafe shafi, ya ajiye ta shekara ɗari. Ko kuɗi sun yanke a 1994, abin da aka saya a 1980 yana nan a kan kanta, ɗalibi zai same shi. Mujallar intanet ba a sayenta, izinin leƙawa ake biya. Ainihin maƙalar tana cikin na'urorin kamfani a wata ƙasa, yarjejeniya ce ke faɗin wanda zai karanta, da inda zai zauna ya karanta, da abin da aka hana shi yi. Wasu yarjejeniyoyin suna ba da haƙƙin ci gaba da ganin shekarun da aka riga aka biya, amma ko a nan makullin yana hannun wani. Jami'o'in Jamus sun ɗanɗana wannan: da ciniki ya watse tsakaninsu da Elsevier, aka rufe musu sababbin maƙaloli a watan Yuli 2018, ba a daidaita ba sai 2023. Jami'ar Kalifoniya ta yi irin wannan zama daga 2019 zuwa 2021. Su dai suna da ƙarfin jan zare. Ma'aikacin ɗakin karatu, wanda aka sani da jera littafi da rubuta kati, ya wayi gari yana karanta yarjejeniya kamar lauya, yana rabon kalmar sirri kamar mai gadi.

Masu buɗe ƙofa

Martani ya fito daga cikin masana kansu. A watan Disamba 2001 wasu suka taru a Budapest, suka fitar da sanarwa ranar 14 ga Fabrairu 2002, suna kira da a bar sakamakon bincike a buɗe ga kowa a intanet. Sanarwar Berlin ta biyo baya a 2003. Sai dai tun kafin sanarwa wasu sun riga sun fara aiki, kuma ba daga ƙasashe mafi arziki ba. Brazil ta kafa SciELO a ƙarshen shekarun 1990, da kuɗin gwamnati, ta ɗora mujallun ƙasar a intanet kyauta, ƙasashen Latin Amurka suka rungumi tsarin. A 1998 aka soma AJOL domin mujallun Afirka, ya koma Afirka ta Kudu a 2005, kuma mujallun da ya tattara sun wuce 500. A duniyar masu Faransanci ma hukumomin gwamnati ne suka ja gaba: babban ɗakin karatun Faransa ya buɗe Gallica a 1997, Érudit ya fito a Kebek a 1998, Revues.org a 1999, rumbun HAL a 2001, sai Persée a 2005, wanda ya bi tsofaffin mujallu shafi-shafi yana ɗaukar hotonsu tun daga lambar farko.

Wannan ɓangare ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne ya fi taɓa malamin makaranta a Maraɗi ko Damagaram. Shekaru da dama, abin da aka rubuta a kan ƙasar Hausa ta Nijar ya fi sauƙin samu a Paris da Bordo fiye da garuruwan da aka yi binciken. Baƙo ya zo ya zauna da mutane, ya yi tambayoyi, dattawa su ba shi tarihi da sunayen kakanni, ya koma gida ya buga, jikokin dattawan ba su taɓa ganin shafi ɗaya ba. Yanzu maƙalolin Guy Nicolas da na Claude Raynaut a kan kwarin Maraɗi, waɗanda suka fito a mujallu irin su Cahiers d'études africaines, ana iya karanta su a wayar hannu. Littafin Emmanuel Grégoire a kan Alhazan Maraɗi, wanda cibiyar ORSTOM ta buga a 1986, yana cikin rumbun cibiyar IRD da ta gaje ta, kyauta. Labarin tafiyar Heinrich Barth, wanda ya ratsa Agadas da Tasawa da Damagaram tsakanin 1850 da 1853, juzu'i biyar ɗin duka suna intanet. Malamin tarihi a lise, wanda a da sai dai ya maimaita abin da littafin aji ya taƙaita, yana iya ɗora wa ɗalibansa asalin shafin su yi gardama da shi. Kuma ya kamata su yi gardamar, don ba duk abin da baƙo ya ji ne ya fahimta ba. Wannan riba ce ta gaske, duk mai sukar zamani ya fara amsa ta tukuna.

A fannin likita da noma wata hanya aka bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin HINARI a watan Janairu 2002 tare da manyan kamfanonin ɗab'i shida, aka buɗe mujallu kusan 1500 ga asibitoci da jami'o'in ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Hukumar FAO ta kawo AGORA domin noma a 2003. Rumbun JSTOR ma ya yafe wa cibiyoyin Afirka kuɗi daga 2006. Likitoci da masu binciken gero da wake sun amfana ƙwarai. Amma akasarin mujallun da Ingilishi suke, wanda ya yi karatunsa da Faransanci sai ya sake hawa wani tudu. Sannan kyauta tana hannun mai bayarwa: a farkon 2011 aka wayi gari wasu kamfanoni sun janye mujallu kusan 2500 daga Bangladesh, sai da masana suka yi ca sannan aka mayar. Kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma waɗanda ba su jira izini ba. A 2011 wata ɗaliba ƴar Kazakistan, Alexandra Elbakyan, ta buɗe Sci-Hub, ta tara miliyoyin maƙaloli ba da yardar masu su ba. Wata kotu a New York ta yanke mata biyan Elsevier dalar Amurka miliyan 15 a 2017. A gaban doka sata ce. Abin lura shi ne, ba talakawa kaɗai ke shiga ba, har da mazauna garuruwan manyan jami'o'in Amurka da Turai.

Shinge ya koma ƙofar marubuci

Buga mujalla, ko a intanet, yana cin kuɗi: akwai gyaran rubutu, akwai na'urori, akwai ma'aikata. In mai karatu ba zai biya ba, wa zai biya? Brazil da Faransa sun ce gwamnati da jami'a. Wasu kuwa, irin su BioMed Central da PLOS a farkon shekarun 2000, suka ce marubuci, ko hukumar da ta ba shi kuɗin bincike. Manyan kamfanoni sun yi jinkiri, daga baya suka gane cewa wannan ma kasuwa ce. Da hukumomin bincike na Turai suka fitar da shirin Plan S a 2018, suna tilasta a buɗe duk aikin da suka ɗauki nauyi, farashi ya fito fili: a 2021 mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a kan maƙala guda, wato sama da sefa miliyan 6. Gaskiya ne mujallu da dama suna yafe wa marubutan ƙasashe matalauta, amma ba duka ba, kuma sau da yawa sai an roƙa. Malamin da jiya aka hana shi karatu saboda talaucin jami'arsa, yau yana karantawa, magana ce ta yi masa tsada.

Ga shi kuwa bugawa dole ce gare shi. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mazauninta kuma yake Wagadugu, ta shimfiɗa wa jami'o'in ƙasashe masu Faransanci tsarin ƙarin girma wanda ya dogara a kan maƙalolin da malami ya buga. Inda buƙata ta yi yawa kuma ƙofa ta yi ƙunci, ƴan damfara ba sa nisa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mujallun bogi suka cika intanet, masu sunaye masu ƙyalli, suna aiko da wasiƙun yabo, suna alƙawarin bugawa cikin mako guda in an biya. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Kolorado, Jeffrey Beall, ya riƙa jera sunayensu har ya rufe jerin a 2017, ko da yake an zarge shi da haɗa masu gaskiya na ƙasashe matalauta cikin zargi. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika maƙalar ƙarya, mai kurakurai a fili, ga mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Sunayen marubuta da na cibiyoyin da ya ƙirƙira don wannan gwaji na Afirka ne, abin da shi kansa ya isa a yi tunani a kai. Cutar ba ta tsaya ga ƙanana ba: a 2023 an janye maƙaloli fiye da 10,000 a duniya, mafi yawansu daga mujallun Hindawi, mallakar babban kamfanin Wiley. A 2024 kuma aka ji cewa kamfanin da ya mallaki Taylor & Francis ya ba Microsoft damar amfani da rubuce-rubucen masana wajen horar da na'urori masu kwaikwayon tunani, a kan dalar Amurka miliyan 10 a zubin farko, marubutan kuwa a jarida suka ji.

Wa ke ajiya?

Tsohon tsari yana da wata kariya da ba wanda ya shirya ta. Mujalla guda tana kwance a ɗakunan karatu ɗari biyar a nahiyoyi biyar. Gobara ko yaƙi ba sa cinye su duka. Yanzu kwafi ɗaya ne ke yi wa duniya hidima. An kafa tsare-tsaren ajiya irin su LOCKSS da Portico don toshe wannan kafa, amma ƙananan mujallu da yawa ba sa ciki: wani bincike na 2020 ya gano mujallu fiye da 170 na kyauta da suka ɓace daga intanet tsakanin 2000 da 2019. Manya ma ba su tsira ba. A ƙarshen Oktoba 2023 ƴan kutse suka afka wa babban ɗakin karatun Birtaniya, suka nemi fansa, aka ƙi biya. Kundin sunayen littattafansa bai dawo ba sai Janairu 2024, rumbunsa na kundayen digirin dakta kuma ya daɗe a rufe bayan haka. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse daura da gaɓar Kodebuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka kwana cikin duhun sadarwa. Ɗakin karatun da duk dukiyarsa ke bayan teku, ranar nan kujeru da tebura kaɗai yake da su. Ba a ma zo kan wutar lantarki ba, wadda kowane ɗalibi a Tawa cikin watan Afrilu ya san halinta.

Saura abin da aka rubuta a gida. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, wasu huɗu suka biyo baya a 2014. Ta Damagaram tana ɗauke da sunan André Salifou, ta Tawa da sunan Djibo Hamani, mutanen nan biyu da aka ambata a sama. Jami'o'i ne da aka haifa a zamanin haya, ba su gaji kantar shekara hamsin ba, kuma ba za su taɓa tara irin ta ba. Abin da za su iya mallaka shi ne abin da suke samarwa da kansu: kundayen ƙarshen karatu, rahotannin bincike, muryoyin dattawa da mawaƙa da aka naɗa, mujallun tsangayoyi. Misali yana kusa. Cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, ta ɗora jerin rahotanninta a kan asibitoci da kotuna da mulkin ƙananan hukumomi a intanet kyauta, shi ya sa ake ambatonsu a jami'o'in da ba su san hanyar Yamai ba. Mujalla irin Mu Ƙara Sani ta IRSH, ko Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero a Kano, ba wani kamfanin Amsterdam da zai zo neman tsofaffin lambobinsu, don ba riba a ciki.

Rubutun Hausa yana da nasa ƙarin cikas. Ɗaukar hoton shafi rabin aiki ne. Sai na'ura ta karanta haruffan sannan mai nema zai iya samun kalma a ciki. Manhajojin da aka horar da Faransanci da Ingilishi sukan ga ƙ su rubuta k, su ga ɗ su rubuta d, su ga ƴ su rasa abin yi. Sai ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, ɗaki ya zama daki. Ga bambancin rubutu tsakanin Nijar da Najeriya, wannan yana rubuta ƴa, wancan 'ya, mai nema ya buga ɗaya ya rasa ɗayan. Ajami kuwa, irin wanda sashen rubuce-rubucen hannu na IRSH ke ajiye da shi tun tarin da Boubou Hama ya fara, har yanzu idon mutum ya fi na'ura iya karanta shi. Wannan aiki ne na malaman harshe, masu zama su gyara shafi bayan shafi, su sa wa kowane kundi suna da shekara da taƙaitaccen bayani cikin harsuna biyu.

Faransa ta buɗe dandalin theses.fr a 2011, kuma tun 2016 doka ta wajabta wa duk mai kare digirin dakta ya ajiye kundinsa ta na'ura. Sakamakon haka, ɗan Nijar da ya yi bincike a kan kasuwar Maraɗi ya kare shi a Bordo, cikin minti guda ake gano sunansa da taken aikinsa daga ko'ina a duniya. Abokinsa da ya yi irin wannan aiki a gida, wataƙila ma ya fi shi zama da mutanen kasuwar, sau da yawa kundinsa kwafi uku ne ko huɗu masu bangon kwali: ɗaya wurin malamin da ya duba shi, ɗaya cikin kabad na tsangaya, ɗaya cikin akwati a gidan mahaifinsa, inda ƙurar hunturu da gara suke jiran damina ta taya su.